Mota Marar Ƙara a Ƙofar Inna

Tun da na koma ofis ban samu sakat ba. In shiga lif tambaya, in fito alwala tambaya: wai da gaske ne ni da Baba mun je har Nijar a motar da ba ta shan mai, kuma ita ta dawo da mu, ba mu muka dawo da ita a bayan tirela ba? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, don duk wanda na gutsura wa sai ya je ya ƙara gishiri. Jiya har na ji wai raƙumi ne ya ja mu daga Daura. To ga shi nan daga farko har ƙarshe, wanda ya sake tare ni a kan matakala shi zai sayi abincin ranata.

Ga wanda bai san shi ba, mahaifina shi ne Alhaji Yusuf mai rodi a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei. A Karu muke zaune. Asalinsa wani ƙauye ne gaba da Matamaye a ƙasar Damagaram. Ya shigo Abuja yana saurayi, ya fara da dako har Allah ya buɗa masa. Shekara da shekaru yana da wata tsohuwar a-kori-kura da muke kira Mai Tari, saboda kafin ta tashi da safe sai ta tashi duk layinmu. Wata rana ya kai rodi wani gida da ake gyaran katangarsa a Maitama. Ana cikin aiki aka ɗauke wuta. Ɗan hayar gidan, wani ma'aikacin ofishin jakadanci da ke shirin komawa ƙasarsu, ya jawo waya ya soka a bayan wata farar a-kori-kura, mai walda ya ci gaba da aikinsa kamar ba a yi komai ba. Baba ya tsaya baki buɗe. Da ya ji motar na cikin kayan da mutumin zai sayar, bai yi shawara da kowa ba ya rabu da Mai Tari.

Ba don yawon Abuja ya saye ta ba. Don Inna ya saya.

Inna ita ce mahaifiyarsa. Tana can ƙauye, idanunta sun tafi gaba ɗaya, bara da damina kuma ta yi jinyar da ta tsorata mu. Baba ne ɗanta na fari. Ku 'yan Abuja da kuke saka hoton ɗan farinku a waya kuna jera masa kalaman ƙauna, sai na yi muku bayani. A wurin su Inna uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye muddin akwai wanda za a aika. Kunya ce, kuma abin alfahari ne a wurinsu. Tun da Baba ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Mutumin nan" take cewa, ko "na Abuja". Ya gina mata ɗaki, ya kai ta Makka, abin da ya samu shi ne ta ce wa ƙanensa Baffa Sale, "Ka ce masa an gode." A cikin mutane Baba dariya yake yi wa abin. Amma ni ce 'yarsa ta fari, kuma na san dalilin da ya sa tun daga bakin get yake ƙwala mini kira, "Saratu!", har maƙwabta su ji.

Ranar da ya ce in ɗauki hutu in raka shi, saboda allon motar Turanci yake yi, ya faɗa mini abin da bai taɓa faɗa ba. Yana goge gilashi, bai dube ni ba.

"Tsohuwar nan ta yi nisa, Saratu. Ni ba na neman komai. Ta sa mini albarka da bakinta kawai, in san da ni take, ba ta hannun Sale ba."

Ya sa a ransa cewa in ya kai mata wuta har ɗakinta, fanka ta kaɗa mata, ruwan sanyi ya ratsa maƙogwaronta, bakin zai buɗe. Ni ban ga alama ba, amma tausayinsa ya kama ni, na haɗa jakata.

Kuskurenmu na farko shi ne biyawa ta kasuwa. 'Yan dako da masu shayi da masu gadi 'yan can wajenmu sun ji Alhaji zai je gida, kuma da mota mai buɗaɗɗen baya. Kun san ba a ce wa mai saƙo a'a. Kafin ka ce me, ga katifa, ga buhun masara, ga keken ɗinki, ga bandir na kwanon rufi, har da ƙofar ƙarfe da wani ya ce a kai wa surukinsa. Ita kuwa motar nan tana auna nauyin da aka ɗora mata, kuma allon gabanta yana nuna nisan da batir zai iya kai mu. Ina zaune ina kallo, duk saƙon da aka ɗora sai lambar ta ragu.

Na ce, "Baba, kowace katifa gari guda take cinye mana fa."

Ya leƙo ya harari allon. "Mai Tari ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba."

"Ita ai ba ta faɗa, Baba. Sai dai ta mutu a tsakiyar daji."

Oga Chidi, maƙwabcin shagonsa mai sayar da fenti, ya zagaya motar hannuwa a baya. Ya ce, "Alhaji, wannan mota ba ya shan mai, ba ya shan ruwa, kullum azumi? Abeg, in ya mutu a hanya ka kira ni, zan aiko maka da batir na rediyo." Baba ya ce shi dai ya sa masa ido a kan shago. Chidi ya cusa mini ledar ayaba ta taga, ya ce in gaida Mama.

Daga Zuba muka kama hanyar Kaduna. Abu na farko da zan faɗa muku, motar nan ƙarfi gare ta. Da duk lodin nan, Baba na taɓa totur sai ka ji bayanka ya manne da kujera, ba gurnani, ba hayaƙi. Ba ta da kuloci, ba a canja mata giya, amma jikin Baba bai yarda ba. Ƙafarsa ta hagu tana ta taka iska, hannunsa yana laluben sandar giya yana kaɓar da robar ruwana. In ya ɗaga ƙafa daga totur kuma ita da kanta take rage gudu, a gangara har sai ka ga batir ya ɗan ƙaru, wai juyawar tayoyin take mayarwa wuta. Wannan ya burge shi ƙwarai. Ya ce motar 'yar kasuwa ce, ko gangara ba ta bari ta wuce a banza.

Abin da ya fi daɗi a wurina shi ne hira. A Mai Tari in za ka ce a miƙo maka goro sai ka yi ihu. A nan kuwa har numfashin juna muke ji, sai ƙofar surukin mutane da ke ƙara a baya. A hanyar nan na ji labaran ƙuruciyar Baba da ban taɓa ji ba, yadda ya yi kiwon awaki, da yadda ya fara ganin kwalta ya cire takalmi kafin ya taka.

A wani shinge kafin Kaduna ɗan sanda ya tsayar da mu fuska a ɗaure.

"Baba, kashe mota ka yi kana gangarawa don tsimin mai? Haɗari ne fa."

"A kunne take, ɗana."

Ya kara kunne a bonet. Ya zagaya baya neman salansa, har da durƙusawa. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya durƙusa. Da Baba ya buɗe musu wani ɗan murfi a jikin bayan motar suka ga soket a jere irin na ɗaki, sai hira ta canja, wayoyi suka fito daga aljihu. Muka zauna a inuwa muna cin ayabar Chidi tare da su har wayoyin suka farfaɗo.

A Abuja akwai 'yan wuraren da ake caji mai sauri, kafin ka ci abinci ka yi salla mota ta ƙoshi. Da ka bar gari kuwa sai zumunci. Kana da wayarka mai kauri a mota, sai ka nemi wanda yake da layin wuta mai ƙarfi ka kwana a gidansa, don a soket ɗin gida a hankali take sha. Shi ya sa muka sauka a Zariya wurin Alhaji Tanimu, tsohon abokin Baba, mai sana'ar ƙanƙara. Aka soka mota a jikin shagon, matarsa Hajiya Asabe ta ajiye mana tuwon shinkafa miyar taushe, na ci har na ji kunya.

Bayan magariba aka ɗauke wuta. Janaretan Alhaji Tanimu kuma yana wurin gyara. Na ga ya leƙa firizojinsa ya dawo yana murmushin da bai kai ciki ba. Na ga Baba ya dube shi, ya dubi mota. Na san abin da ke tafe.

"Baba, kada ka fara."

"Mutum ya ba mu tuwo, Saratu. In zauna ina kallon ƙanƙararsa tana narkewa?"

Haka aka juya waya, wutar da motar ta sha da la'asar ta koma cikin firizoji. Mu da muka zo ci muka koma ciyar da mai gida. Sai gabanin asuba aka dawo da wuta, muka sake daga farko, ba mu bar Zariya ba sai bayan azahar. Hajiya Asabe ta ce ta yi renon 'ya'ya da jikoki, ba ta ga mai wuyar shayarwa kamar motarmu ba. Na so in yi fushi da Baba, amma yadda tsofaffin nan biyu suka riƙe hannun juna a bakin shago ya hana ni.

Kano mun ratsa ta ne kawai, 'yan adaidaita sahu suna bin mu suna ɗaukar hoto. A cunkoso muka gane wata matsala. Asali motar tana da wani siririn sauti da take yi in tana tafiya a hankali don masu ƙafa su ji, amma tun a Karu Baba ya sa na kashe shi, wai kamar sauro a kunne. Shi kuma ba ya yi wa babba hon. Wani dattijo mai tura baron rake ya shiga gabanmu a wani lungu, yana tafe yana waƙarsa, bai san da mu ba. Muka bi shi a baya kamar masu rakiya, har Baba ya leƙa ta taga ya yi masa sallama. Da mutumin ya waiga ya ga farar mota a ƙeyarsa, salatin da ya yi sai da na sayi rake don in ba shi haƙuri.

A Daura muka kwana a wani ƙaramin masauki. Ɗakin tsaf, ruwa a bokiti, zanin gado mai ƙanshin sabulun wanki. Wuta kuwa babu, sai wani ƙaton janareta mai shan gas da mai masaukin ya tayar mana. Baba ya tsaya yana kallon motarsa marar hayaƙi tana shan wuta daga injin da ya turnuƙe unguwa. Ya juyo ya ce, "Wannan kada Chidi ya ji." To Oga Chidi, in wannan rubutu ya iso gare ka, ban ce komai ba.

Da hantsi muka isa iyaka a Kwangwalam. Jami'in kwastan ya duba takardu, ya ce a buɗe bonet zai ga lambar inji. Na danna maɓalli, bonet ya ɗaga da kansa. Maimakon inji sai ga doya, ga jakar Baba, ga ƙaramin firjin da muka saya wa Inna, don a motar nan gaban ma wurin zuba kaya ne. Jami'in ya ɗaga doya ɗaya ya leƙa ƙarƙashinta.

"Alhaji, ina injin?"

"Wallahi ni ma tun da na saya nake nemansa."

Na yi masa bayani cewa batir yana shimfiɗe a ƙarƙashinmu, abin da ke juya tayoyi kuma yana can tsakaninsu, gaba da baya. Ya kira ogansa, oga ya kira nasa ogan. Daga ƙarshe suka haƙura da lambar jikin mota, aka ɗauki hoto da mu, muka wuce.

A ɗaya gefen sai na ji na zama baƙuwa a yarena. Hausa ce, amma kwastan ya koma duwan, ni kuma na koma Madam. Gaisuwa ba a yi mata gaggawa. A ofishinmu "morning" ɗaya ta ishi mutum har mako ya ƙare, a can sai an tambayi gida, da gajiya, da zafi, da mutanen Abuja baki ɗaya, kafin a ce ina takarda. Wani jandarma ya zaunar da mu ya miƙo shayi a kofin da bai fi babban yatsa ba, mai ɗacin da ya sa na ga gari ya yi haske. Na shanye na ajiye na miƙe, Baba ya ja mayafina, ashe ba a tashi a kofin farko. A Matamaye muka sayi burodinsu dogo mai tauri kamar muciya, da kilishi, da cuku. Tun daga nan na lura harshen Baba ya juye, lafiya ta koma lahiya, kuma ya daina yi mini hira.

Daga kwalta muka sauka hanyar rairayi. Na danna inda aka zana yashi a allon, motar ta ɗan ɗaga jikinta, duk tayoyin suka kama aiki. A wani kwari muka tarar da motar 'yan kasuwa ta kafe har ciki, fasinjoji sun tura sun gaji sun zauna a gindin ƙaya. Aka ɗaura igiya. Direban ya ce Baba ya ja da baya ya taho da gudu ya fizga. Baba ya ce a'a, ya taɓa totur a hankali, motarsu ta fito sumul kamar an zare tsinke daga tsire. Aka yi ta kallon juna, don ba wanda ya ji ƙarar komai. Wata tsohuwa ta ce ita dai a bar ta ta ƙarasa a ƙafa.

Da, in Mai Tari ta doso ƙauyen, tun daga nesa ake jin ta. Kafin mu iso gari ya fito, Inna kuma ta shige ƙuryar ɗakinta, sai mun huta mun sha ruwa sannan a ce mu shiga gaisuwa. Wannan karon ba wanda ya ji mu. Muka sulala cikin lungu da la'asar, muka tsaya daidai ƙofar gida. Ga Inna zaune a dakalin zaure da sandarta, ta sa sabon zane, ta juya kunnenta wajen hanya. Sai da Baba ya yi sallama ta zabura.

"Wa ke nan? Ina motar?"

Na ce, "Ga ta a gabanki, Inna, kin kusa taɓa ta. Wa kike jira a waje haka da kwalliya?"

"Iska nake sha. Ke ce 'yar bokon nan marar ta ido? Zo in ji ko har yanzu ƙashi ne zalla."

Ta shafa fuskata, ta ja kunnena, ta tambayi uwata da ƙannena kowa da sunansa. Baba yana durƙushe a gefe yana jero gaisuwa, tana amsawa "lahiya, lahiya" tana fuskantar bango.

Kwanakin da muka yi, motar ta zama kasuwa. Aka raba saƙonni, surukin nan ya zo da jaki ya ɗauki ƙofarsa. Aka jawo waya daga bayan motar zuwa tsakar gida, wayoyin gari suka taru a tabarma, wanzami ya kawo abin askinsa na lantarki da ya daɗe a ajiye, matan gida suka yi markaɗe ba tare da sun je Matamaye ba. Ni ce mai gadin batir, don dole in rage abin da zai mayar da mu Daura, saboda haka kafin mu tafi na yi baƙin jini a garin kakannina.

Baba kuwa da hannunsa ya ja waya zuwa ɗakin Inna. Ya kafa fanka, ya daidaita ta, ya sa ruwa a firji ya zauna yana jira ya yi sanyi. Ya zuba a kofi ya miƙa mata da hannu biyu. Ta sha, ta yi ajiyar zuciya, ta yi hamdala. Na ga ya ɗan matso. Sai ta juyo wajena.

"Ki ce wa ubanki iskar ta yi yawa, a rage."

Ana haka Baffa Sale ya shigo da 'yar furar da ya saya a bakin masallaci. Inna ta karɓa ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Sale. Allah ya jiƙan mahaifinka." Baba ya rage fankar, ya fita ya ce zai duba taya. Tayar lafiyarta ƙalau. Na bi shi da kallo, raina ya ɓaci sosai.

Da muka keɓe na yi amfani da wasan jika da kaka na faɗi gaskiyata. Na ce, "Inna, bakinki ciwo zai yi in kin ce Yusuf? Mutum ya ɗauko wuta tun daga Abuja ya kawo miki."

Ta laluba ta kai mini duka da mafici. "Ji marar kunya. Uwata har ta koma ga Allah ba ta faɗi na yayana ba. Ni ce zan fara?"

"To ki sa masa albarka ko ba suna."

"Ya san abin da ya sani," in ji ta, ta juya mini baya. Na fito na tarar da Baba a zaure ya dube ni da tambaya a idonsa, na yi kamar ban gani ba.

Labarin dawowa gajere ne. Ba kaya a baya, batir ya yi ta auki, mun sake kwana a Daura da Zariya, wuta ba ta ba mu kunya ba. Abin da ya rage in gaya muku shi ne safiyar da muka baro ƙauyen.

Mun yi sallama a tsakar gida. Baba ya durƙusa ya ce za mu koma, a yafe masa. Inna ta ce wa Baffa Sale, "Ka ce su sauka lahiya." Shi ke nan. Ya miƙe a hankali, na ga tsufansa a ranar. Ta biyo mu da sandarta har bakin zaure ta tsaya. Muka shiga mota muka rufe ƙofofi, Baba ya kunna, gilashinsa a sauke. Sai ga amalanken shanu ta tokare bakin lungun da lodin kara, ƙafarta ɗaya ta faɗa rami. Baffa Sale da duk 'yan rakiya suka ruga can don su taimaka. Muka zauna muna jira, taku kaɗan tsakaninmu da Inna.

Ta daɗe tana sauraro. Ta ce, "Sale?" Shiru. Ta ce, "Sun tahi?" Ba kowa kusa. Na buɗe baki zan amsa, Baba ya riƙe mini hannu da ƙarfi.

Ta ƙara jira. Sannan ta jingina sandar a bango, ta ɗaga tafukanta, tana fuskantar hanyar da take zaton mun bi.

"Isuhu," ta ce.

Haka ake faɗin sunan a can. Kuma ba ta yi in'ina ba, ya fito mata da sauƙi, irin na bakin da ya saba.

"Isuhuna. Allah ya kai mini kai lahiya. Ka rame, na ji a muryarka, ba ka cin abinci. Ya Allah, yaron nan tun yana goye bai taɓa sa ni kuka ba. Na yahe masa duniya da lahira. Ka yi masa albarka, ka ba shi masu yi masa abin da ya yi mini. Ruwan nan da ya ba ni, ka shayar da shi wanda ya hi shi sanyi. Isuhu, Allah ya sa kai za ka rufe ni."

Ta shafa, ta goge idanunta da bakin zane, ta laluba sandarta. Ban iya duban Baba sosai ba. Hawaye na bin gemunsa suna ɗiga a riga, ya cije leɓe don kada numfashinsa ya fita, hannunsa har yanzu a kan nawa. Ni ma kukan nake, ina toshe baki da mayafi.

Can aka fitar da amalanken, Baffa Sale ya ɗago mana hannu. Baba ya saki birki a hankali, motar ta zame a kan rairayi ba ko motsi. Da ta ji mu, da kunya ta hana ta sake fitowa zaure har abada, kuma ya san haka. Ya ɗaga wa 'yan rakiya hannu bai tsaya ba, ya kau da fuska.

Sai da garin ya ɓace a bayanmu ya tsaya a gindin wani gawo. Ya wanke fuska da ruwan robata. Ya juyo gare ni.

"Saratu."

"Na'am, Baba."

"Kin ji, ko? Ba kunnena ba ne?"

"Na ji, Baba. Da kai take."

Ya gyaɗa kai, ya gyara hularsa, ya mayar da mota kan hanya.

"To ki riƙe mini shi da kyau," ya ce. "In na tsufa na fara mantuwa, ki riƙa gaya mini."